Wa Ya Tsaya Wa Ɗan Kwangila? Lamuni Tsakanin Dokar Ƙasa Da Fiƙihu



Duk wanda ya taɓa shiga kara, ko ta Ɗambatta ko wata daga cikin kasuwannin arewacin Kano, ya san ba a sayen sa daga hannun baƙo sai an sami wanda ya san shi. Dillali ne ke tsayawa. Idan daga baya ta bayyana cewa dabbar ta sata ce, shi za a fara nema, kuma ya san da haka tun lokacin da ya karɓi la'ada. Haka ma manomi a Kunci ba ya ba da jingar noma ya biya duka kuɗin tun kafin a sa fartanya a ƙasa, sai dai ga wanda ya san gidansu. Wannan tsantseni ne da muka gada, kuma babu wanda ke ɗaukarsa a matsayin cin fuska.

Abin mamaki shi ne yadda tsantsenin ke ɓacewa da zarar maganar ta koma kan gini. Mu da ba mu yarda da baƙo a kan akuya ba, mu ne muke tara kuɗin masallacin Juma'a ko na makarantar Islamiyya mu danƙa wa mutum miliyoyi, babu takarda, babu wanda ya tsaya masa. Mu ne kuma muke wucewa ta gaban ajujuwan da aka kai linta aka watsar, da ɗakin shan magani da babu rufi, da kwalbatin da damina ɗaya ta cinye, ba tare da mun tambayi abu mafi sauƙi ba: wa ya tsaya wa wanda aka ba wannan aiki, kuma an neme shi?

Dalilin tayar da maganar yanzu

Abubuwa biyu ne suka sa tambayar ta zama ta yau. Na farko, a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai-tsaye. Aiwatar da hukuncin na tafiyar hawainiya, amma alƙiblar a fili take: ana so kwangiloli su ƙara yawa a hannun ƙananan hukumomi irin tamu ta Kunci, wadda gwamnatin jiha ta sauya wa suna zuwa Ghari a 2024. Kuɗi idan ya matso kusa da jama'a, amana ma ta matso, haka nan kuma damar cin ta.

Na biyu, muna da darasi a gabanmu. A wa'adin mulki na biyu na Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso, tsakanin 2011 da 2015, an ba da kwangilar titi mai tsawon kilomita 5 a kowace ɗaya daga ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Da dama daga cikin titunan ba a kammala su ba har gwamnati ta sauya hannu, kuma bayan 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da komawa kansu. 'Yan siyasa sun daɗe suna jifan juna da laifin tsaikon, kuma ba wannan ne fagenmu ba. Abin da ya shafe mu shi ne shekarun da talaka ya kwashe yana shaƙar ƙura yana ratsa taɓo a kan aikin da aka riga aka fara kashe wa dukiyarsa, da kuma yadda farashin siminti da kwalta ya ninka kafin a dawo. Aikin da aka watsar ba ya jira a kan farashinsa na jiya.

Ba a Kano kaɗai ba ne. Tun 2019 hukumar ICPC ta fara bin diddigin ayyukan mazaɓu, Kano na cikin jihohin farko da ta ziyarta, kuma sau da yawa labarin zuwan jami'anta kaɗai ya isa ya mayar da 'yan kwangila bakin aikin da suka gudu suka bari. Wannan ya nuna cewa matsalar ba koyaushe rashin iyawa ba ce. Sau da yawa rashin wanda zai kama mutum ne.

Mene ne lamunin kwangila?

Lamunin kwangila alkawari ne tsakanin ɓangarori uku: mai aiki, ɗan kwangila, da wani na uku, galibi banki ko kamfanin inshora, wanda ya rubuta cewa idan ɗan kwangilar ya saɓa, shi zai biya mai aikin wani adadi da aka ƙayyade. Bayan ya biya sai ya juya kan ɗan kwangilar ya karɓi haƙƙinsa. Saboda ya san kuɗinsa na cikin haɗari, mai lamunin ba ya sa hannu sai ya binciki mutumin: ayyukan da ya yi a baya, kayan aikinsa, da abin da ya mallaka. Wannan bincike shi ne rabin amfanin tsarin, domin yana tace gwani daga ɗan kwangilar jaka, wanda bai da komai sai takardun kamfani da sanin wani babba.

Dokar sayayya da ba da kwangila ta tarayya, ta 2007, wadda ta kafa hukumar BPP, ta tanadi lamuni a matakai uku. Akwai na neman aiki, wanda bai wuce kashi 2 cikin 100 na farashin da mai nema ya gabatar ba, don kada mutum ya ci kwangila ya ƙi sa hannu. Akwai na kafin alƙalami: dokar ta ce kuɗin fara aiki kada ya wuce kashi 15 cikin 100, kuma ba a bayar da shi sai da takardar lamuni ta banki ko ta inshora. Dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga wannan iyaka zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na gida. Sai kuma na kammala aiki, wanda bai gaza kashi 10 cikin 100 na darajar kwangilar ba, ko daidai da kuɗin kafin alƙalamin, duk wanda ya fi yawa. Jihar Kano ma ta yi tata dokar a 2021 don ayyukan da ake yi da kuɗin jiha.

Bari mu buga misali don a fahimta. A ce an ba da ginin ajujuwa a kan naira miliyan 20, aka ba ɗan kwangila kashi 30, wato miliyan 6, ya haƙa harsashi ya ɓace. Idan an bi ƙa'ida, akwai wanda za a rubuta wa takarda ya dawo da kuɗin, a ba wani ya ƙarasa. Idan ba a bi ba, yara za su ci gaba da karatu a gindin bishiya, miliyan 6 kuwa sun zama labari.

A wasu ƙasashe an wuce nan. A Amurka, dokar Miller ta 1935 ta wajabta wa mai karɓar babban aikin gini na gwamnatin tarayya lamuni biyu: ɗaya na kammala aiki, ɗaya na biyan leburori da masu kawo kaya. A jihar Kalifoniya kuwa ba a ba ɗan kwangila lasisi sai ya ajiye takardar lamuni, wadda tun farkon 2023 ta kai dala 25,000, don magidancin da aka cuta ya sami inda zai kai kuka. A nan gida muna da hukumomi masu rajistar ƙwararru, COREN ta injiniyoyi da CORBON ta magina, amma rajista shaida ce ta cancanta, ba alkawarin biyan diyya ba ce. Magidancin da ya ba da ginin gidansa, da kwamitin masallacin da ya ba da rufi, ba su da wata garkuwa sai wadda suka nemar wa kansu.

Abin da malamanmu suka sani tun da daɗewa

Wasu na ɗaukar wannan tsari a matsayin baƙon abu da Turawa suka zo da shi. Ɗalibin da ya karanta Risala ko Muhtasar ya san ba haka ba ne. Malamai suna kiransa kafala, ko damana, Malikawa kuma kan ce hamala. Sun kafa hujja da aya ta 72 a Suratu Yusuf, inda mai shela ya yi alkawarin kayan raƙumi ɗaya ga wanda ya kawo ma'aunin sarki, ya kuma ɗora lamunin hakan a kansa. Sun kafa hujja da abin da Buhari ya ruwaito daga Salamatu ɗan Akwa'u, cewa an kawo gawar wani mutum da ake bi dinare uku, Manzon Allah (SAW) ya dakata daga yi masa salla, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki bashin a kansa. Abu Dawuda da Tirmizi kuma sun ruwaito hadisin da ke tabbatar da cewa wanda ya tsaya wa wani, biya ya hau kansa.

Malikawa sun kasa lamuni gida uku: na dukiya, wato ɗaukar nauyin biya, na fuska, wato ɗaukar nauyin kawo mutumin a lokacin da ake nemansa, da na nema, wato ɗaukar nauyin bin sawunsa a nuna inda yake. Asali a mazhabar ba a waiwayar mai lamuni sai idan wanda ake bi ya tsiyace ko ya ɓace, amma idan mai haƙƙi ya gindaya sharaɗin cewa zai bi duk wanda ya ga dama daga cikinsu, sharaɗin ya inganta. Wannan ya yi daidai da abin da dokar ƙasa ke nufi da lamunin da ba a ɗaura shi da wani sharaɗi ba.

Akwai kuma mas'alar lamuntar da masu sana'a. Asalin ƙa'ida shi ne wanda aka ba amana ba ya biya sai in ya yi sakaci. Amma Imamu Malik ya tafi a kan cewa mai sana'ar da ya kafa kansa don yi wa jama'a aiki, kamar maɗinki da marini, yana biyan abin da ya lalace a hannunsa, domin in ba haka ba dukiyar mutane za ta salwanta. Maslahar da ta sa aka ɗora wa marini biyan zane ɗaya ta fi ƙarfi a kan wanda zai ɗora kankare a saman kawunan yara. Ba mu manta da benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut da ke Kano a watan Agustan 2022 ba, ko makarantar da ta rushe a kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024.

Inda gizo ke saƙa: kuɗin lamuni

Idan asalin lamuni halal ne, ina matsalar take? Tana wajen ladan da ake karɓa a kansa. Mafi yawan malaman farko sun hana mai lamuni karɓar lada, har Ibnul Munzir ya hakaito ijma'i a kan haka. Sanannen abu ne a wurin Malikawa cewa rance da lamuni da alfarma ba a yin su sai don Allah. Dalilin a fili yake: idan mai lamuni ya biya, abin da ya biya ya zama bashi a kan wanda ya tsaya wa, idan kuwa ya riga ya karɓi lada, ya zama ya ba da rance ya sami ƙari, wannan kuwa ƙofar riba ce.

Majalisar Fiƙihu ta Duniya da ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ta duba mas'alar a zamanta na biyu a Jidda, a watan Disambar 1985. Ta bambanta hali biyu. Idan ɗan kwangila ya ajiye wa banki kuɗin da ya rufe lamunin, bankin wakili ne, kuma karɓar lada a kan wakilci halal ne. Idan bai ajiye ba, kafala ce tsantsa, ba a karɓar lada a kanta bisa yawan kuɗin ko tsawon lokaci, sai dai haƙiƙanin abin da aka kashe wajen bincike da rubuta takardu. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta tafi a kan makamancin haka a ƙa'idarta ta 5. Malaman da ke ba Babban Bankin Malesiya shawara kuwa sun halatta ladan, suna ganin ɗaukar nauyi a zamanin nan hidima ce mai ƙima. Saɓanin na nan, kuma ya kamata ɗalibi ya san da shi.

A wannan zama na 1985 ne majalisar ta yanke cewa inshorar kasuwanci da aka saba ba ta halatta, ta nuna inshorar taimakekeniya a madadinta. Shekaru da dama wannan ya zama uzuri ga ɗan kwangila Musulmi mai tsantseni: doka na neman takarda, takardar kuma ba ta samuwa sai ta hanyar da zuciyarsa ba ta natsu da ita ba. Yau uzurin ya yi rauni. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kano na cikin rassansa na farko. TAJBank ya biyo baya a 2019, Lotus a 2021. Hukumar NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma kamfanoni irin su Noor Takaful da Jaiz Takaful suna aiki a ƙarƙashinsu. Kowannensu na da majalisar malamai da ke duba ma'amalolinsa. Abin da ya rage shi ne hukumomin da ke ba da kwangila su bayyana ƙarara cewa suna karɓar takardun waɗannan cibiyoyi, ɗan kwangila kuma ya tambayi yadda ake lissafin abin da zai biya kafin ya sa hannu.

Adalci ga ɗan kwangila

Ba za mu yi adalci ba idan muka ɗora laifin duka a kan ɓangare ɗaya. Ayyuka da yawa sun tsaya ne saboda mai aikin bai biya ba. Ɗan kwangila ya ci bashin siminti da rodi, ya kai aikin matakin da aka yi alkawari, aka bar takardarsa a kan tebur wata da watanni. Hadisi ingantacce ya kira jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci, kuma hukuma ba ta fita daga wannan hukunci ba. Dokar 2007 ta ɗauki biyan da ya haura kwana 60 a matsayin jinkiri, ta ɗora masa ruwa. A nan fiƙihu ya rabu da ita. Majalisar Fiƙihu, a ƙudurinta kan istisna'i na 1992 da na sharaɗin tara na 2000, ta halatta a ci tarar magini idan ya jinkirta aiki ba da uzuri ba, amma ba ta halatta ƙari a kan bashin da aka jinkirta ba. Maganin Musulunci ga wannan shi ne kada a ba da aikin da ba a tanadi kuɗinsa ba.

Haka nan akwai tsoron da ke da tushe, cewa tsananta sharaɗin lamuni zai kori ƙananan magina na karkara ya bar fagen ga manyan kamfanonin birni. Birkilan da ya yi shekara 20 yana gini a Kunci da Tsanyawa da Bichi, wanda kowa ya san aikinsa, mai yiwuwa ba shi da kadarar da banki zai karɓa. Amsar ita ce a auna sharaɗi da girman aiki. Titi da gada sai takardar banki ko ta takaful. Gyaran aji ko ginin katanga kuwa, lamunin mutane biyu sanannu masu abin hannu, a rubuce, ya wadatar. Shari'a ba ta taɓa cewa sai banki ne kaɗai ke tsaya wa mutum ba.

Kada kuma mu manta da waɗanda ba sa cikin takarda: lebura, da mai tifar yashi, da mai buga bulo, da matar da ta yi wata guda tana ba ma'aikata abinci bashi. Idan ɗan kwangila ya gudu, su ne ke fara kwana da yunwa. Addinin da ya yi umarnin gaggauta biyan ɗan ƙwadago tun guminsa bai bushe ba ya fi kowa cancantar ya nemi a sa haƙƙinsu cikin lamunin.

Abin da ke hannunmu

Ga kwamitocin masallatai da makarantu da magidanta, matakan ba su da tsada. A rubuta yarjejeniya da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta shiryar da mu game da bashi. A fayyace aikin, da irin kayan, da wa'adi. A biya mataki-mataki: harsashi, linta, rufi, shafe, kowanne bayan wani masani ya duba. A riƙe wani kaso, kamar kashi 5 da aka saba a manyan ayyuka, har ginin ya ga damina ɗaya. Kada a ba da kafin alƙalami mai nauyi sai da wanda ya sa hannu cewa zai biya. Kuɗin da aka tara a faifai bayan sallar Juma'a na marayu ne da tsofaffi da masu ƙaramin ƙarfi. Jin nauyin ɗan kwangila bai kai nauyin wannan amana ba.

Ga wanda aka roƙa ya tsaya wa wani, ya sani sa hannun ba alfarma ba ce ta fatar baki. Dattijo ko malami ko mai unguwa da ya ce ya san mutum, ya ɗauki kaya. In bai shirya biya ba, ya faɗa tun farko cewa lamunin fuska kaɗai zai iya. Banki da kamfanin da suka karɓi kuɗi suka ba da takarda kuwa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ga al'umma baki ɗaya, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta buɗe ƙofar tambaya a kan ayyukan gwamnatin tarayya, kuma babu abin da ya hana ƙungiyar ci gaban gari ta tambayi kansila ko shugaban ƙaramar hukuma a kan sauran. Duk aikin da aka kafa wa allo a mazaɓunmu, daga Shuwaki zuwa Gwarmai da 'Yandadi, ɗalibanmu na iya rubuta tambayoyi huɗu cikin ladabi: nawa ne kuɗin, nawa aka biya, wace cibiya ce ta ba da lamuni, kuma yaushe wa'adinsa zai ƙare? Tambaya ta ƙarshe ta fi muhimmanci, domin takardar lamuni tana da ranar mutuwa. Jami'in da ya ga aiki ya tsaya, ya yi shiru har wa'adin ya wuce, ya yafe dukiyar da ba tasa ba, kuma za a tambaye shi.

Takardar da ke kwance a fayil ba ta gina aji. Tana amfani ne ranar da aka sami mai zuciyar da zai fito da ita ya nemi haƙƙin jama'a, ko da ɗan kwangilar ɗan jam'iyya ne ko suruki. Kakanninmu sun san haka a kara, malamanmu sun rubuta shi a littattafai, dokar ƙasa ma ta tanade shi. Saura mu.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Allah ne Mafi sani.